Mutuwa ta Goma Sha Tara

Sau goma sha takwas ubana ya mutu a majigi.
Ni ce mai lissafi.
Sau uku da harsashi, sau ɗaya kogin Hugli ya ci shi,
sauran duk a kan gado, da tari,
kansa a cinyar wata 'yar da ba ni ba,
yana jan baitin ƙarshe
har mutanen kujerun baya su jiƙa hankici.
In an kunna fitila sai mu fito,
ya saya mini shayi a ɗan kofin yumɓu,
in shanye, in fasa shi a bakin titi
yadda kowa ke yi a Kalkata.

Sukhomoy Bagchi.
Sunan da aka rubuta da jan fenti a jikin tarago,
damina ta wanke, aka sake rubutawa.
Kafin nan ɗan mai gyaran laima ne
a lungun da keke ba ya iya juyawa,
yana waƙa a gidan biki don a ba shi kan kifi.
Ƙanensa Bimalendu ke riƙe masa akwatin kiɗa,
hannu ɗaya na ba shi numfashi,
ɗaya na tafiya a kan fararen haƙoransa.

Ranar da faifan farko ya fito
suna ɗaya ne a jikin kwalin.
Baffa bai ce uffan ba.
Ya naɗe akwatin a zanen gado, ya hau jirgin Asansol.
Shekara ashirin da shida, ko wasiƙa.

Uwata Purobi ba ta taɓa shiga silima ba.
Ta ce wanda take wa wanki ya ishe ta kallo.
Ita ke daka citta da zuma don maƙogwaronsa,
ita ke ƙirga kuɗi a gwangwanin biskit.
Wasiƙun mata masu ƙanshin turare
da su take hura murhu,
wai takarda mai tsada ta fi kama wuta.

Waƙar renon da duk uwayen Bengal ke yi wa jarirai,
ni a rediyo na fara jin ta,
ina kwance da ƙyanda, shi yana can ƙarƙashin fitilu
yana shafa kan ɗan wasu.
Ban yafe wannan ba sai da na yi furfura.

Sannan murya ta soma tsagewa kamar tsohon ƙoƙo.
Waya ta daina kuka.
Yakan ɗaga ta da hantsi, ya kara a kunne,
ya ce dubawa yake ko ta lalace.
Wasansa na ƙarshe maigadi ne, magana ɗaya tak,
ita ma almakashi ya cinye ta.

Ta goma sha tara ba ta zo da goge ba.
Fankar asibiti ce kawai ke ƙara,
da wani a gadon kusa yana neman ruwa.
Ranar Laraba ƙofa ta buɗe,
ga tsoho da ƙunshi a zanen gado.
Ba su gaisa ba.
Ya zauna a ƙasa, ya kwance ƙullin.
Ɓera ya huda akwatin, iska na zurarewa,
amma ya danna.
Leɓen ubana ya motsa, babu abin da ya fito.
Sai Baffa ya ɗauki baitin daga inda ya faɗi.

Muryar ce. Ita ɗin dai,
wadda aka biya kuɗi shekara arba'in ana saurare,
ashe biyu aka haifa, ɗaya ta zauna a tashar jirgi
tana kiran sunayen garuruwa.
Uwata ta juya ta fuskanci bango.

Da asuba ya tafi, bai ce komai ba,
shi da ya san jawabin ban kwana goma sha takwas.
Na tsaya ina jiran a kunna fitila.
Fitilar a kunne take tun dare.

Na sauka bakin titi, na ce a zuba biyu.
Na shanye nawa, na fasa.
Ɗayan yana hannuna har ya huce,
tarago ya zo ya wuce, jikinsa da sunan wani.