Bakin Sannu

Shekara talatin ina yankan makulli
a bakin babbar kasuwar Garwa.
Na san haƙorin ƙarfe in ya yi tsawo,
na san inda magagari zai ci, inda zai ƙyale.
Amma ban lura da bakin kunkurun gidana ba
sai ranar da ayaba ta gagare shi.

Sannu muke ce masa. Ladidi ce ta raɗa,
ran da ƙaninta ya zo da shi daga Gidar
a cikin kwano, bai kai murfin tukunya ba.
Ita ke sakinsa bayan gida ya yi kiwo,
ya tsinki ciyawa, ya gwaigwayi ɓawon kabewa,
ya tona raminsa a gindin katanga.
Da ta rasu sai na shigar da shi ɗaki.
Na ce mu biyu aka bari, mu zauna a inuwa.
Abin da na ci, shi ya ci:
tuwo mai laushi, burodi jiƙe da shayi,
ayabar da ta nuna har ta yi baƙi.

Damina biyu a haka.
Bakin sama ya lanƙwaso kamar lauje,
ya rufe na ƙasa, ya tsage a gefe.
Ya kai wa loma sara, loma ta sulale,
ya sake, ta sulale, ya mai da wuya ciki.
Ga kumfa a hanci, numfashi da ɗan fito,
ido guda ya kumbura ya ƙi buɗewa.
Na danna ƙoƙon bayansa da babban yatsa,
ya lotsa mini kamar ɗanyen duma.

Na sa shi a kwali, na ɗaura a babur,
sai wajen likitan dabbobi a Yelwa.
Dokta Sali bai yi mini faɗa ba,
da ya yi, da na fi samun sauƙi.
Ya cire kaska uku daga hammata,
ya ce, Baba, wannan baki farce ne,
ba ya daina tsiro, cin abu mai tauri ke rage shi.
Ba shi ciyawa da harawa, a kan dutse, ba a kwano ba.
Daka masa ɓawon ƙwai. Mai da shi rana,
rana ce ke ƙera ƙoƙon nan.
Hancin kuwa sai allura,
sanyin siminti ne ya shige shi.

Ya ɗauko magagarinsa, na ga ya dakushe.
Na zaro nawa daga aljihu.
Ya dube ni, ya riƙe mini kan.
Ya ce, a hankali, akwai jini a ciki,
inda launi ya sauya, nan za ka tsaya.
Na goga. Gari fari ya zubo mini a gwiwa.
Na hura, na duba, na ƙara kaɗan.
Ban taɓa gyara makullin da ke numfashi ba,
ban taɓa jin hannuna yana rawa a kan aiki ba.

Yanzu yana bayan gida.
Na ɗauko masa falalen dutse daga gaɓar Binuwai,
da hantsi nakan ji ƙwas, ƙwas,
yana ci, yana wasa bakinsa da kansa.
Dokta ya ce zai iya kai wa tamanin,
don haka nake nuna wa jikata Gaji
inda kaska ke ɓuya, da yadda ake duba hanci.

Jiya da magariba na kira sunansa.
Ya bi gindin katanga, ya shige raminsa,
ko waiwaye bai yi ba.
Na daɗe a tsaye da ragowar burodi a hannu,
sannan na shiga ɗaki, na murɗa makulli.