Fiyanon Yelwa

Mai goge ya rataya gogensa ya hau mota,
mai kalangu ya cusa nasa a hammata,
ni yatsu goma kawai na ɗauko daga Zuru,
sauran kayan aiki sai abin da na tarar.

Na same shi a kusurwar majami'a a Yelwa,
an lulluɓe shi da tsohon labule,
a kansa gwangwanin furen roba.
Baba Ishaya Noma ya goge murfin da hularsa,
ya ce, "Ya girme ka, yaro. Gaishe shi tukuna."

Na buɗe. Haƙoransa sun rine kamar na maciyin goro.
Danshin kogi ya shige masa gaɓoɓi,
na danna, ya yi mini taurin ƙofar da damina ta kumbura.
Nawa na gida ko shafa shi ka yi zai amsa,
wannan sai an roƙa,
in ya amsa ma, da muryar wanda aka tasa daga barci.

Fedar dama tana ƙara kamar keken mai tallan kifi.
Kujera ta gaza, aka yi mini ciko da matashi.
Sai ga wani farin haƙori a tsakiya,
in ka danna shi ya tafi ke nan,
ba sauti, ba dawowa,
sai ka sa farce ka tono shi.
A kansa waƙar shigowar amarya take sauka.
Sau tara. Na ƙirga.

Shekara sha ɗaya yatsuna suna bin hanya guda,
ko cikin duhu ba sa tuntuɓe.
Yau ga su baƙi a gari, ido buɗe, suna lalube.
Kuma ba mai cewa katakon ne ya tsufa.
Za a ce, wannan ne gwanin da aka biya wa mota?

Saura rabin sa'a a shigo da Rifkatu.
Gumi ya jiƙa mini wuyan riga.

Baba Ishaya ya matso, yana kallon haƙorin, ba ni ba.
"Tun auren fari da aka ɗaura a nan ya mutu.
Marigayiya Laraba ba ta taɓa yi masa dole ba.
In ta zo kansa, ɗage yatsa take yi."
Na ce, "To gurbin fa?"
Ya sa hularsa ya koma bakin ƙofa.

Aka tashi tsaye. Na fara.
Hagu na jan nauyi kamar mai tuƙa kwalekwale a kan gaba da ruwa,
dama na tafe tana tsoron ramin.
Muka iso.
Na ɗage yatsa.

Matan zumunta suka cike shi da baki,
daidai, ba ɗaga ba sauke,
ba wadda ta ko waiwayo.
Ashe sautin bai ɓata ba,
maƙogwaronsu ya koma da zama.
Sau tara ina ɗagewa, sau tara suna ajiyewa.

Jiya na kunna nawa a ɗaki,
lafiyayye, kowane haƙori da muryarsa.
Na zo daidai wurin,
yatsana ya tsaya a sama shi kaɗai,
yana jiran mutanen Yelwa.