Murfin Kwalba

A asibitin Jega, ranar Talata,
yarinyar da ta soke ni a yatsa
ba ta kai 'yata Saratu shekaru ba.
Ta dubi ɗigon jini, ta dubi lamba,
ta ce, "Baba, ciwon suga bai shigo ɗaki ba tukuna,
amma yana zaure, har ya tuɓe takalmi."

Na yi dariya. Kulu ba ta yi ba.
Ta ƙulle takardar a bakin zane
kamar kuɗin adashi.

Ni da na shekara talatin cikin fadama,
ni da laka ta cinye wa farce,
yau ni ake auna wa shinkafa da ludayi.
Buhu arba'in jingine a ɗaki,
tuwona kuwa bai wuce dunƙulen hannun Kulu ba,
kuma hannun nan ƙarami ne, Allah shaida.

Babban kwanona mai zanen fure
ya koma bayan ɗaki, kaji ke shan ruwa a ciki.
Zogale ya ci rabin faranti,
wake ya samu sarauta,
kifin gulbi ya bar mai ya hau garwashi.
Shayin safe ya zama ruwan bunu tsura.
Na kurɓa, na ɓata fuska, na ce,
"Ke ai lafiyarki lau, zuba naki."
Ta ce, "Tukunya ɗaya nake ɗorawa, Baban Saratu,
itace ya yi tsada."
Na san ba itace ba ne.
Na bar ta da ƙaryarta mai daɗi,
ita kaɗai ce zaƙin da aka bar mini.

Babur ya huta a zaure, gona da ƙafa.
'Yan majalisa suka ce, "Gado, ko aljihu ya huje?"
Bayan isha'i muna zaga tsakar gida,
daga rijiya zuwa turken awaki,
tana jefa tsakuwa a ƙwarya duk zagaye guda.
Ashirin. Wani dare sha biyar,
idan gwiwarta ta ƙi.
A nan na ji labaran da ban taɓa tsayawa ji ba,
har da na kawunta da aka yanke wa ƙafa.

Sai ranar kasuwa.
Rana ta take, warin albasa ya cika maƙogwaro,
wani yaro ya buɗe bokiti,
kwalabe kwance cikin ƙanƙara suna zufa.
Na shanye ɗaya a bayan wata mota,
tsaye, kamar ɓarawo,
na cusa murfin a aljihu don kada ƙasa ta gani.

Wanki ya tona ni.
Da dare na tarar da shi gefen farantina,
an wanke shi tas, yana ƙyalli.
Ba ta ce uffan ba.
Da ma faɗa ta yi.

Mako biyu, aka yi suna a gidan ƙanwarta.
Ta dawo tana sauri, tana yawan magana,
ɗigon zuman alkaki a gefen mayafi.
Na kama hannunta, na buɗe,
na ajiye mata murfin a tafi.
Dariya ta kusa kayar da ita kan turmi.
Tun ranar yake yawo tsakaninmu,
yau gefena, jibi nata.

Wata uku, muka koma wurin yarinyar.
Lamba ta sauka, ba da yawa ba.
Kulu ta ce, "To, baƙon namu fa?"
Ta ce, "Ya sa takalmi ɗaya."

Muka fito, muka wuce mai lemo,
babu wanda ya dubi wani.
Murfin yana kan taga yanzu,
ya soma tsatsa.
Na manta a hannun wa ya kwana ƙarshe.
Kulu ta ce ita ba ta manta ba.