Fuskar da ke kan kuɗin Tumur

Rumfata na bayan masu dabino a kasuwar Abeshe.
Littattafan Faransa nake sayarwa,
waɗanda suka gaji da karatu a can
suka zo hutawa cikin buhu,
rabi na 'yan makaranta, rabi na masu ƙunshe gyaɗa.

Ran Talata ya zo,
gajere, mai faɗin kafaɗa, rana ta dafa masa wuya.
Tumur, makanikin injin rijiya,
ɗan Mongoliya, inda ya ce sanyi kan tsaga dutse.
Da Larabcin kasuwa muke ciniki,
nasa gurgu, nawa mai ɗingishi.
Ƙamus yake nema.

Haladu yarona na gefe yana ƙyaƙyatawa,
littafin zane a cinya:
wani sarki, gashin baki kamar igiyar guga,
tumbi ya rinjayi doki,
ya faɗo, wando ya zame,
akuya na cin tutarsa.
Na sha gani, na sha dariya.
Na ce, "Nuna wa baƙo, ga ɗan'uwansa."

Magana zarar bunu.

Ya karɓa. Ya buɗe shafi, ya buɗe wani.
Bai ɗaga murya ba,
jijiya ɗaya ce ta miƙe a gefen goshinsa.
Annur mai shayi ya tsaya da buta a sama,
kumfa ta kwanta cikin kofi.

Sai ya zaro walat.
Bayan hoton wata yarinya mai kumatu
akwai takardar kuɗi ninki huɗu,
ta yi laushi kamar tsohon rawani.
Ya shimfiɗa ta kan teburina, ya danne da yatsa.
Ga mutumin. Shi ne dai.
Amma nan a zaune yake, ido a tsaye,
ba akuya.

"Kakanmu," in ji shi.
"Uwata in ta tatsi nonon farko
takan watsa wa sama, ta ambace shi."

Ni ma da bakina, mai littafi ne ni.
Na ce, "Ai na karanta ya ƙone birane,
har da masu masallatai."
Ya ce, "Ya ƙone.
Zana shi da jini har gwiwar hannu, in saya.
Ku ji tsoronsa, ku tsine masa in kun so.
Amma wando a ƙasa?"

Ya tambayi kuɗin littafin.
Na faɗi na farko, wanda ake faɗi don a taya.
Bai taya ba. Ya ƙirga ya ajiye.
Shekara ashirin ina kasuwar nan
ba a taɓa mari na da ciniki ba sai ranar.
Ya cusa shi cikin riga ya tafi,
ƙamus na nan inda yake.

Annur ya ƙarasa zuba shayinsa, ya ce,
"Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."
Ban amsa ba.

Da dare na tuna kakana Madugu Jatau
da ya kawo mu Wadai da jakai tara.
An ce ya sayar da mutane a hanya.
Mun sani, ba ma faɗi.
Amma ranar da wani yaro ya kwaikwayi tafiyarsa
babana bai ci tuwo ba.

Washegari na zazzage buhu.
Saura uku.
Mai gyaɗa ta zo neman takarda, na ba ta lissafi da labarin ƙasa.
Ukun suna ƙasan akwati,
ban ƙone ba, ban sayar ba.
Haladu ya san inda suke.
Jiya na ji shi yana danne dariya da hannun riga,
na ɗaga takalmi zan jefe shi,
sai akuyar nan ta faɗo mini a rai,
Allah ya yafe,
leɓena ya motsa.