Daga "Amma" Har Ƙasa

A ɗakin karatu na kan tudu, a Valparaíso,
inda taga ke kallon jiragen ruwa,
Eleuterio ya zauna gaban kwamfuta ta uku.
Hannun da ya shekara talatin yana jan igiya,
yau ɗan linzami ya gagare shi.

Maite mai kula da littattafai ta sunkuyo:
"Kar ka ja shi kamar anga, baba.
Danna sau biyu a jere, kalma ta zo hannu.
Sau uku, sakin layi ɗungurungum.
In harafi-harafi kake so,
riƙe Shif, ka bi kibiya sannu."

Ya danna biyu. Sunan 'yarsa ya yi shuɗi,
Ximena,
ya saki kamar ya taɓa garwashi.

Wasiƙar ta fara daidai:
Na yi miki laifi.
Sai "amma" ta biyo baya,
bayanta kuwa layi goma sha ɗaya:
teku, albashi, halin mahaifiyarki,
da wanda ya fara kashe waya.

"In daga nan ne har ƙasa fa?"
"Ajiye alama gaban kalmar,
riƙe Shif, ka danna can ƙarshe."

Shuɗi ya malalo kamar cikowar teku,
ya shanye uzurin duka.
Ya daɗe yana kallo.
Wani jirgi ya yi kuka a tasha.

Yatsa ɗaya ya sauke.
Kalma huɗu suka rage ƙarƙashin sunanta.
Ya ce, "To, nuna mini inda ake aikawa."