Hawa na Tara

Vazha ya ce in zuba jini.
"Jini, Nutsa, har ya ɗiga ta gefen takarda!"
Na ce to. Ban zuba ba.

Fim ɗinsa minti goma sha bakwai ne,
mun ɗauka a wani tsohon bene a Saburtalo,
hawa takwas, lifta ɗaya,
wadda ba ta motsi sai ka jefa mata tetri goma
ta haɗiye, ƙwal, ta yi nishi, sannan ta tashi.
A labarin, wani dare maɓalli na tara ya tsiro.
Iyakar labarin ke nan. Saura ihu ne
da ruwan rumman da muka matse a kicin ɗin uwarsa.

Kwana uku ina gaban kwamfuta, shayi na hucewa.
Na zana hannu mai farata,
ya fito kamar na mai sayar da kifi.
Na sa ido ɗaya a tsagar ƙofa,
amma idon Tekla ne, wanda duk ya san Tekla
ya san dariya take dannewa.
Na narkar da haruffa kamar kyandir,
Vazha ya yi tafi, ni kunya ta rufe ni.
Dodon da ya fito tsakar rana ai ya zama abokin wasa.

Tsoho Elguja mai ɗab'i ya ƙirga kuɗinmu sau biyu.
"Kala biyu suka kai. Baƙi da ɗan'uwansa."
Ya gwada mana ja, ya fito ruwan kankana.
Ya ɗaga takardar, ya tura baki:
"Wannan jinin naku, da cokali za a sha."

Da magariba na koma benen ni kaɗai.
Na jefa kuɗi, ƙwal.
Tsakanin hawa na biyar da na shida
wuta ta ɗauke.
Shiru. Warin kabeji da tsatsa.
Can sama igiyar ƙarfe tana cizon haƙora.
Na lalubi bango ina ƙirga da yatsa,
ɗaya, biyu, har takwas,
sai yatsan ya zarce da kansa.
Babu maɓalli a wurin.
Amma ƙarfen ya yi sumul, ya ɗan lotsa,
kamar dutsen da ruwa ya daɗe yana lasa.
Wa ke danna inda babu abin dannawa?

Da wuta ta dawo ban yi ihu ba,
hoto na ɗauka, hannuna na rawa.

Fostar ke nan: maɓallai takwas, farare,
sama da su duhu, faɗin babban yatsa.
Sunan fim a ƙasa, ƙanana, kamar jerin tururuwa.
Vazha ya dafe kai. "Ina jinin? Ina sunana?"
Na nuna masa. Sai da ya sa tabarau.
Kwana biyu bai gaishe ni ba.

Muka dama fulawa, muka bi Tbilisi muna liƙawa,
bakin tashar jirgin ƙasa, jikin gidan burodi,
ruwan sama na bin mu yana ɓamɓarewa.

Ran Laraba na ga Lamara ta hawa na takwas
tsaye gaban guda, da jakar albasa a hannu.
Ta sauya wa jakar hannu,
ta ɗora yatsa a kan duhun nan.
"Mijina ma nan yake dannawa," in ji ta,
"tun da yaronmu ya tafi."
Ban tambayi ina ba. Ta wuce.

Yau saura kwana biyu a haska fim ɗin.
Na zaga na duba waɗanda suka tsira:
goma sha huɗu, kowace da tabo a wuri ɗaya,
maiƙon yatsu, takarda ta fara hujewa.
Elguja ya rantse kala biyu ya buga.
Ni ma ban zana wannan ba.