Zanen Gawayi Goma Sha Huɗu

Kurungu na raɗa mata,
don ba a damƙarta a kwana lafiya.
Shekara huɗu tana gadin bandata a Yelwan Yawuri,
ɓera bai san ɗanɗanon tarwaɗata ba.
Albashinta kan kifi, sai tsumma a bayan ƙyaure.

Wata Laraba ta dawo da ɗingishi.
Muzuru ne ko gafiya, Allah masani.
Kwana biyu kafaɗa ta tashi kamar goruba,
jiki ya ɗau zafi, ido ya faɗa.
Na miƙa mata karfasa, ta ba ni ƙeya.

Tumba mai ƙuli ta leƙo ta kan danga:
"Ga ragowar kafson jikana.
Fasa ɗaya, ki haɗa da farasitamol,
kafin la'asar kin ga mussarki a kan rufi."
Na karɓa. Har na kwance ƙullin leda,
sai hannuna ya ƙi.

Kwandon kifi, tsohon zane, kabu-kabu.
Ta zage ni tun daga bakin kogi har asibitin dabbobi.

Likita Wakkala ya ɗora ta a sikeli
kamar mai cinikin albasa:
kilo uku da 'yar ɗoriya.
Ya fasa, ya matse, ya wanke,
wari ya kori ɗan kabu-kabun daga bakin ƙofa.
Da ya ga ledar Tumba ya daɗe bai ce komai ba.
"Wannan farin," in ji shi,
"ga ɗan Adam sauƙi ne, ga kyanwa kabari.
Magani ba gishirin miya ba ne
da za a barbaɗa da ido."

Ya ba ni 'yar kwalba da sirinji marar allura,
ya nuna min layin da zan tsaya.
Safe da magariba, kwana bakwai.
"Ko ta yi rawa ran na uku, kar ki fasa.
In fuska ta kumbura, in amai ya ƙi tsayawa, kira ni."
Ya rubuta lambarsa a jikin kwali.

Daren farko na yi wayo, na ɗiga a cikin kifi.
Ta shinshina, ta dube ni
irin duban da alƙali ke yi wa mai shaidar zur.
Sai na naɗe ta da zane kamar jaririya,
kai kaɗai a waje.
Girgiza kwalba. Gefen baki, bayan haƙorin gaba.
Ɗigo, a jira ta haɗiye. Ɗigo.
Gaggawa ke kai ruwa hanyar numfashi.
Na ɗauki gawayi na ja layi a bango.

Layi na bakwai, sai ga ta a kan danga
da jelar ƙadangare a baki.
Tumba ta ce, "To ai shi ke nan.
Adana sauran, wata rana akuya za ta buƙata."

Ni za a gaya wa?
Shekara ashirin ina shan hayaƙi.
Na san kifin da aka sauke da wuri:
waje ya bushe, ya yi ja, ya yi kyan sayarwa,
ciki ɗanye.
Kafin kasuwa ta zagayo, tsutsa ta yi gida.
Ban sauke ta ba.

Takwas. Tara.
Na sha ɗaya ya same ni a gidan suna,
na bar tuwo a kwano na taho da sauri.
Aka ce na haukace a kan mage.

Goma sha huɗu.
Na wanke sirinji, na mayar wa likita kwalbarsa.
Ya taɓa kafaɗar, gashi har ya fara tofowa.
Na ƙirga karcen da ke bayan hannuna, tara,
biyu ba su gama warkewa ba.

Yau da asuba na zura ƙafa a takalmi,
na ji abu mai taushi.
Ɓera, wuyansa a karye.
Tana can kan buhun gishiri tana lasar hannu,
ko kallona ba ta yi.
Ban sani ba ko godiya ce,
ko kuɗin kabu-kabuna take biya.